Yadda za ka zaɓa wa tsohuwar Peugeot 504 sabuwar salansa

Wanda ya taso a Arewa ya san kukan Fijo tun kafin ta shawo kwana. Kuka ne mai kauri, ƙasa-ƙasa, ba hayaniya, kuma rabinsa daga salansa yake fitowa. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sannan kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, a 1975. Bayan Turawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har gobe ba a rasa ta a gidajenmu, wata an lulluɓe ta da tamfol tana jiran magada, wata kuma tana kan hanya tana neman abinci.

Tawa salun ce, gadon mahaifina. Sau biyu na canja mata salansa. Na farko ya jawo mini asarar kuɗi da ciwon kai na gaske, na biyun kuma shi ne har yau take tafe da shi. Abin da na koya tsakanin biyun shi zan shimfiɗa a nan, kuma yawancinsa zai yi wa mai 404, ko 505, ko tsohuwar Mercedes amfani.

Fara da gano inda ciwon yake

Abin da muke kira salansa a dunƙule ba abu ɗaya ba ne. Akwai manifol, wato baƙin ƙarfen zubi da ke manne da kan inji yana tattaro hayaƙin silinda huɗu. Daga nan sai bututun gaba da ke gangarowa ƙarƙashin mota, sai tukunyar tsakiya, sai bututun da ke bi ta wajen ƙafafun baya, sai tukunyar baya da wutsiyarta. Robobi ne ke rataye da su duka. Sau da yawa guda ɗaya ne ya mutu a cikin waɗannan, amma sai a ce wa mai mota ya sayi gaba ɗaya.

Ka kai motar kan rami da safe, inji da sanyi. Ka sa a tayar, wani ya dunƙule tsumma ya toshe bakin wutsiya na ɗan lokaci kaɗan, kai kuma kana ƙasa kana saurare. Duk inda ke yoyo zai yi huci. Inda ido bai gani ba, ruwan sabulu zai nuna maka da kumfa, kuma baƙin toka a gefen mahaɗa shaida ce cewa hayaƙi ya daɗe yana fita ta nan. Bayan an kashe, ka ƙwanƙwasa kowace tukunya da ƙotar sukurudireba. Ƙarfe mai rai yana amsawa da ƙara tsaf. Wanda tsatsa ta cinye sai ka ji shi luɓus, wani lokaci ma hannu kawai zai lotsa shi. In ka girgiza tukunya ka ji kamar tsakuwa a gwangwani, farantan cikinta sun ɓalle.

Ƙarar "tak-tak-tak" da ke fitowa daga gaba da sanyin safiya, ta ragu in inji ya ɗau zafi, yawanci gasket ɗin manifol ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakaninsa da kan inji, ko tsagewa a jikin manifol ɗin, ƙarfe ya faɗaɗa da zafi ya rufe kafar. Wannan ko ka sayi salansar zinariya ba za ta magance shi ba. Haka kuma motar da ke tashi lafiya amma ta kasa hawa tudu, tana zafi, hayaƙi na fita da ƙyar, mai yiwuwa wani faranti ne ya faɗo ya toshe hanya a cikin tukunya.

A nan ina so in tsaya kan batun da ya fi kuɗi muhimmanci. A cikin hayaƙin fetur akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Tsohuwar mota mai kabureta tana fitar da ita da yawa, fiye da motocin yanzu nesa ba kusa ba. Ga shi kuma ƙasan motar da ta shekara arba'in ba ya rasa 'yan ƙofofi, robar but ta bushe, robar sandar giya ta yage. Na taɓa tasowa daga Zariya zuwa Funtuwa da gilasai a rufe saboda hunturu, kafin mu kai Giwa kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutse, yaran da ke baya duk sun yi laƙwas. Na ɗauka gajiya ce. Ashe mahaɗar da ke ƙarƙashin kujerar baya ce ta buɗe. In kana jin ciwon kai ko gyangyaɗi duk sanda ka yi doguwar tafiya, ka sauke gilasai, ka tsaya, kuma kada motar ta sake ɗaukar iyali sai an duba ta.

Wace 504 ce taka?

"Salansar Fijo" ba magana ce da za ka shiga kasuwa da ita ba. Salun tazarar ƙafafunta mita 2.74 ce, wagon kuma mita 2.90, don haka bututun ɗaya ba zai kai a ɗayar ba. A-kori-kura ita ma hanyarta daban. Sannan ko a cikin salun akwai mai ƙafafun baya masu motsi kowace da kanta, akwai mai aksul guda ɗaya miƙaƙƙe, kuma lanƙwasar bututun baya ta dogara ne a kan wannan. Ka leƙa ƙasa ka ga wacce ce taka.

Sai inji. Na fetur akwai mai 1796 cc da mai 1971 cc, akwai kuma na dizal. Da yawa daga cikin motocinmu an sauya musu inji ba sau ɗaya ba, har da waɗanda aka ɗora wa na 505, saboda haka takardun mota ba su isa shaida ba, sai an duba injin da ke ciki yau. In daga waje za ka yi oda, ka tuna Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocin Kaduna sitiyarinsu a hagu yake kamar na Faransa. Kayan da aka yi wa motar Ingila ko Kenya, masu sitiyari a dama, bututun gabansu na iya bambanta. Ka kwafi lambar da ke jikin farantin mota, ka ɗauki hoton ƙarƙashinta daga gaba har baya, ka riƙe su a waya.

Kuma don Allah kada ka bari a yar da tsohuwar salansar ko a sayar wa 'yan gwangwan kafin sabuwa ta hau. Ko ta ruɓe, ita ce ma'auninka: tsawonta, faɗinta, kowace lanƙwasa, da wurin kowane marataya. In ta asali ce, ta fi kowane littafi. In ka san an taɓa yi mata faci iri-iri har kamanninta sun ɓace, ka nemi wata 504 irin taka da ba a taɓa ba, ka roƙi mai ita ya bari ku auna.

Ƙarfen da aka yi ta da shi

Mutane na ɗauka daga waje tsatsa ke cin salansa. A Turai haka ne, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Mu a nan daga ciki take ci. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. In tafiya ta yi nisa, bututu ya yi zafi har ƙarshe, tururin sai ya fice. In kuwa daga gida zuwa masallacin Juma'a ne kawai, ko a tayar da ita minti biyar a tsakar gida don kada batir ya mutu, ruwan sai ya kwanta a tukunyar baya, ya gauraya da ƙibiritun da ke cikin mai ya zama asid. Shi ya sa motar da ake lallaɓawa ta fi motar haya saurin ruɓar da tukunyar baya. Ka fara tambayar kanka yadda kake hawan motar, amsar ita za ta zaɓa maka ƙarfe.

Baƙin ƙarfe na yau da kullum shi ne mafi arha, kowane mai walda ya iya shi, kuma shi ke ba da kukan nan mai taushi da muka sani. Aibinsa saurin tsatsa. Sama da shi akwai wanda aka yi wa rufin alminiyam, launinsa toka-toka mai ɗan haske, yana daɗewa fiye da na farko, sai dai duk inda wuta ta taɓa wurin walda rufin ya ƙone, daga nan tsatsa ke farawa, don haka sai an bi wuraren da fenti mai jure zafi. Ga motar da ke fita kullum tana cin hanya, ni wannan nake zaɓa.

Sai ƙarfe mara tsatsa, kuma iri biyu ne a harkar salansa. Mai lamba 409 yana da sinadarin kuromiyam wajen kashi 11 cikin ɗari, maganaɗisu na kama shi, yana yin ja-ja a fuska amma ba ya saurin hujewa. Mai lamba 304 yana da kuromiyam wajen kashi 18 da nikel wajen kashi 8, maganaɗisu ba ya kama shi sosai, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisun tsohuwar lasifika a aljihu. In an ce maka 304 ne amma maganaɗisu ya manne tsam a miƙaƙƙen wuri, ba shi ba ne. Motar da ke kwana wata guda ba a taɓa ta ba, ita ta cancanci wannan kuɗin. Amma ka sani kukansa ya fi kaifi, musamman in siriri ne, yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, kuma waldarsa sai wanda ke da waya da na'urar da suka dace. In aka yi masa walda da wayar baƙin ƙarfe, ɗinkin zai yi tsatsa ya bar bututun lafiya lau.

Ko wanne ka ɗauka, kauri ya kai milimita 1.5. Mai milimita 1.2 zai yi aiki, amma hanyoyinmu da tudun rage gudu ba sa raga masa.

Abu ɗaya da ba zan yarda da shi ba ko kyauta shi ne bututun ruwan famfo. Shi aka sa mini a karon farko. Mai waldar ya ɗaga shi ya buga a ƙasa ya ce, "Alhaji, wannan har jikokinka." Gaskiya ne bai huje ba. Amma nauyinsa ya ninka na asali, kuma ya haɗe shi tun daga gaba har baya da walda, ba mahaɗa ko ɗaya, ya kuma maye gurbin roba biyu da guntun rodi ya like a jikin mota. Inji na motsi a kan kujerunsa, bututu kuma ya ƙi motsi, to wani abu dole ya ba da kai. Cikin 'yan watanni manifol ya tsage. Ban da haka, farin rufin da ke jikin irin wannan bututu, in wuta ta taɓa shi, hayaƙinsa na sa wa mai waldar kansa zazzaɓi.

Faɗin bututu da cikin tukunya

Za ka ji samari na cewa a faɗaɗa bututu mota ta "buɗe". Za ka kuma ji wasu dattawan gareji na cewa inji na son a ɗan matse shi. Kowannensu ya riƙe rabin magana. Inji ba ya son a toshe masa hanya, amma yana son hayaƙi ya fita da gudu, domin kowane bugu da ya wuce da sauri yana jawo na bayansa, ya taimaka wajen share silinda. In bututu ya yi faɗi da yawa, hayaƙin sai ya yi sanyi ya rage gudu, mota ta rasa ƙarfin tashi daga ƙasa, wanda kuwa shi ne abin da ake son 504 dominsa. Injin lita biyu mai ƙarfin doki casa'in da 'yan kai ba ya buƙatar abin da ya wuce milimita 45 zuwa 50. Ka auna tsohon naka ka tsaya a kansa.

Ka duba lanƙwasa da kyau. Injin lanƙwasa na gari yana barin bututu da faɗinsa a kwana. Wanda aka lanƙwasa da wuta da ƙarfin hannu yakan tsuke ya yi tamoji, kwana uku irin wannan sun isa su shaƙe mota. In mai aikin ba shi da injin, gara ya yanko lafiyayyun kwanoni daga salansar gwanjo mai faɗi ɗaya ya jona.

Tukunya iri biyu ce. Akwai mai ɗakuna da farantai a ciki, hayaƙi na zagayawa kafin ya fita, ita ce mai shiru, ita ce ta dace da wannan mota. Akwai kuma miƙaƙƙiya, bututu mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi, in ka leƙa ta wannan baki za ka hango haske ta wancan. Tana da daɗin ji a cikin gari, amma ka hau hanyar Kano zuwa Maiduguri da ita ka ji yadda gunjinta ke cika kai, kuma audugar na ƙonewa a hankali, ƙara na ƙaruwa. Kada ka yarda a cire tukunyar tsakiya don rage kuɗi, ita ke kashe wannan gunjin. Kada kuma a ɗaura maka tukunyar tace hayaƙi ta motocin zamani don an same ta da arha. Kabureta ba ta iya daidaita mai da iska yadda tukunyar ke buƙata, sai ta yi zafi fiye da kima ta narke ta toshe.

Inda za a samo

Hanya uku ce. Sabuwa da aka ƙera wa 504 takanas, ko ta gwanjo da aka ciro daga wata motar, ko a ƙera maka. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, za ka iya dacewa da ɗaya daga cikin biyun farko. Ta gwanjo ka ɗaga ta ka ji nauyi, ka girgiza, ka duba ƙasan tukunya da bakin ɗinki, nan take fara mutuwa. Sabuwa kuma ka ajiye ta a ƙasa gefe da gefe da tsohuwarka kafin ka biya, ka kuma yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in ba ta hau ba za ka dawo da ita.

Abin da na yi a karo na biyu gauraye ne: na sayi tukwane biyu sababbi, na kai wa wani dattijon mai walda ya ƙera bututun a kan ma'aunin wata salun ta maƙwabcina. Da na tambaye shi kwana nawa, sai ya ce, "Ɗana, ka bar mini ita kwana biyu. Wanda ya ce maka awa ɗaya, likewa zai yi, ba ɗaurawa ba." Kafin ka ba kowa aiki, ka tambaye shi gida nawa zai raba ta. In ya ce guda ɗaya zai yi, ka nemi wani. A ƙalla ta rabu uku da maɗaurai masu noti, yadda gobe in tukunyar baya ta mutu za a zare ta ita kaɗai.

Cikin kuɗin da ka ware ka sa gasket sabo, robobin rataya duka, maɗaurai, da notunan manifol, na tagulla in an samu domin ba sa cijewa. Ka kuma duba kujerun inji da na giya. In sun mutu, inji zai riƙa tsalle ya karya sabon aikin.

Ranar ɗaurawa

Tun daren jiya a jiƙa notunan manifol da man kwance tsatsa. Kan injin 504 alminiyam ne, ƙusoshin da ke cikinsa sun shekara da shekaru suna shan wuta, kuma injin a kishingiɗe yake gefe guda, wurin ba ya da sararin hannu. In yaron gareji ya sa ƙarfi ya karya ɗaya a ciki, aikin yini ya zama na mako. Ka tsaya a kansu a wannan gaɓar. A ɗan ɗaure kaɗan, a sassauta kaɗan, a ƙara mai, in ta ƙi a gasa notin da wuta. Kafin a shimfiɗa sabon gasket a ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a fuskar manifol a ga ko ta karkace.

In za a yi walda a jikin mota, a cire kan batir, a kuma kare tankin mai da bututun mai da na birki da farantin ƙarfe ko jiƙaƙƙen buhu. Mafi kyau a ɗan ɗiga walda a sama don a kama siffa, a sauke a ƙarasa ɗinkin a ƙasa.

A rataya komai sako-sako tukuna, daga gaba zuwa baya, ba a ɗaure ko ɗaya ba. Sai an ga ta zauna da kanta ba tare da an danna ko an ja ba, sannan a fara ɗaurewa, nan ma daga gaba. Salansar da aka tanƙwara da ƙarfi ta shiga, tsagewa za ta yi. Ka sa yatsu biyu tsakaninta da ƙasan mota, da tanki, da bututun birki, ko'ina su shige. Wajen ƙafafun baya a sauke motar a kan tayoyinta, mutum biyu ko uku su shiga baya, a sake dubawa, domin abin da ya wuce lafiya mota na sama yakan daki aksul in an yi lodi. Bututu mai tsawon mota yana ƙaruwa da santimita ɗaya ko fiye in ya yi zafi, kuma baya yake tafiya, saboda haka robobi su ɗan karkata gaba yayin da yake da sanyi.

Wutsiya ta leƙo bayan bamba kaɗan. In ta tsaya a ƙarƙashi, hayaƙi na taruwa a bayan mota ya dawo ciki, kuma wagon ta fi kowace wannan hali saboda bayanta a tsaye yake, yana zuƙo hayaƙi ta robar ƙofar baya, daidai inda yara ke zama a kujera ta uku. In tukunyar baya ba ta zo da ƙaramin hujin zubar da ruwa ba, a huda mata na milimita 3 a wuri mafi ƙasa.

Da an tayar, a maimaita gwajin tsumma. Ɗan hayaƙi da warin fenti a rana ta farko ba komai ba ne. Amma ka tuna an daɗe ana saita kaburetarka, Solex ce ko Zenith, a kan salansa mai yoyo ko mai toshiya, yanzu numfashin inji ya canja. A sake saita silo, wato gudun inji in mota na tsaye, ka yi tafiyar kilomita hamsin ko fiye, a ciro fulogi a duba: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so, fari fat mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka mai ya yi yawa. In tana harbi "fat-fat" duk sanda ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, iska na shiga ta wata mahaɗa a gaba, a koma a duba.

Bayan mako guda ka mayar da ita kan rami da sanyin safiya a sake bin notunan manifol da maɗaurai, domin zafi da sanyi sun sassauta su. Daga nan, in motar ta ajiya ce, ka daina tayar da ita minti biyar a tsakar gida. Ka fitar da ita sau ɗaya a mako ko biyu, ka yi rabin awa a kan buɗaɗɗiyar hanya, har sai ɗigon ruwa ya daina fita daga wutsiya kafin ka mayar da ita ƙarƙashin tamfol.